Tarken Fim Mai Ƙunshin Labarai: Yadda Matarka Suka Karɓi Kwaidan

Gabatarwa

A darasin tarken adabi an saba koya mana mu duba jigo da zubi da tsari da salo da sarrafa harshe. Akwai wata tambaya da ya kamata ta zo kafin waɗannan duka, amma ba kasafai muke yin ta ba: shin wane matani ne ke gaban matarki a lokacin da ya yanke hukuncinsa? A wannan muƙala ina so in yi amfani da wani fim na ƙasar Japan mai suna Kwaidan, wanda darakta Masaki Kobayashi ya fitar a ƙarshen watan Disamba na shekarar 1964, don mu ga muhimmancin wannan tambaya. Na zaɓi wannan fim saboda labarai huɗu ne daban-daban aka haɗa a cikinsa, dukkansu na fatalwa, kuma irin wannan zubi yana jefa matarka cikin wata matsala da ba sa haɗuwa da ita a fim mai labari ɗaya. Akwai kuma dalili na biyu da ya shafe mu kai tsaye, mu da muke koyon harshen da ba shi muka tsotsa a nono ba: mutumin da ya rubuta labaran da aka gina fim ɗin a kansu baƙo ne a Japan, kuma har ya mutu bai ƙware a Japananci ba.

Asalin labaran

Sunan marubucin Lafcadio Hearn. An haife shi a shekarar 1850 a wani tsibiri na ƙasar Girka, mahaifiyarsa Bagirkiya ce, mahaifinsa kuma ɗan Ireland. Ya yi aikin jarida a Amurka kafin ya isa Japan a 1890, inda ya koyar da Turanci, ya auri wata mata mai suna Setsu Koizumi, ya zama ɗan ƙasa, ya kuma ɗauki sunan Yakumo Koizumi. Ya rasu a 1904, a shekarar da littafinsa Kwaidan ya fito.

Yadda ya samo labaran shi ne abin lura. Hearn ba ya iya karanta tsoffin littattafan Japananci, don haka matarsa ce take nemo su, ta karanta, sannan da dare ta ba shi labarin da baki. Ita da kanta ta bayyana a abin da ta rubuta game da zamansu cewa ba ya yarda ta karanto masa daga littafi, sai dai ta ajiye littafin ta faɗa da kalmominta. Suna magana ne da wani sauƙaƙaƙƙen Japananci nasu na cikin gida. Daga nan shi kuma sai ya rubuta da Turanci don masu karatu na Turai da Amurka. Daga baya aka fassara rubutunsa zuwa Japananci, ya shiga hannun 'yan makaranta, sannan bayan shekara 60 wata marubuciya mai suna Yoko Mizuki ta mayar da huɗu daga cikin labaran zuwa rubutun fim. Ke nan labarin ya tashi daga baka da tsohon rubutu, ya koma baka, ya shiga Turanci, ya dawo Japananci, sannan ya zama hoto. Duk wanda ya taɓa riƙe Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, ya san irin wannan tafiya, inda abin da mutanen ƙasa suka faɗa ko malamansu suka rubuta yake bi ta hannun baƙo kafin ya dawo wa masu shi a bugagge. Bambancin shi ne Edgar tarawa ya yi da harshen masu labarin, Hearn kuwa sake ƙirƙira ya yi da nasa harshen.

Ko sunan fim ɗin ma yana ɗauke da alamar wannan tafiya. A yau Japanawa kaidan suke cewa, kuma haka ake rubuta shi da baƙaƙen boko. Kwaidan tsohuwar hanyar rubutu ce ta zamanin Hearn, wadda aka riƙe wa fim ɗin a ƙasashen waje. Ma'anar kalmar kuwa ita ce labarin abin al'ajabi ko baƙon abu. Babu kalmar tsoro a cikinta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarai huɗun a taƙaice

Na farko, labarin baƙin gashi, ya shafi wani barde matalauci a birnin Kyoto wanda ya saki matarsa mai haƙuri, masaƙiya, ya auri 'yar masu hali don ya sami muƙami a wani lardi mai nisa. Sabon auren bai yi masa daɗi ba, nadama ta cinye shi. Bayan shekaru ya dawo tsohon gidansa, ya tarar da matar tana nan kamar yadda ya bar ta, ta yafe masa, suka kwana. Da gari ya waye sai ya ga ashe kusa da gawa ya kwana, ba abin da ya rage sai ƙasusuwa da dogon gashi, gidan kuma kango ne.

Na biyu labarin matar dusar ƙanƙara ne. Masu saran itace biyu, tsoho da saurayi, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su a wata bukka. Wata farar mata ta shigo ta busa wa tsohon numfashi ya mutu, ta bar saurayin, Minokichi, bisa sharaɗin kada ya taɓa gaya wa kowa abin da ya gani. Daga baya ya auri wata kyakkyawa mai suna Yuki, suka haifi 'ya'ya. Wani dare yana ɗinka wa iyalinsa takalma, hasken fitila ya faɗa a fuskarta, ya tuna, ya ba ta labarin. Ashe ita ce. Ta bar shi da rai saboda yaran, ta ɓace. A rubutun Hearn 'ya'yan goma ne, a fim an mayar da su uku.

Na uku shi ne mafi tsawo, labarin Hoichi marar kunne. Hoichi makaho ne mai kaɗa biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya da za a iya kwatantawa da molo ko garaya, yana zaune a wani wurin ibadar mabiya Buddha. Ya shahara wajen rera labarin yaƙin Dan-no-ura, yaƙin teku na shekarar 1185 inda zuriyar Heike ta hallaka a hannun zuriyar Genji, har ƙaramin sarkinsu Antoku, yaro ɗan shekara shida ko bakwai, ya nutse a ruwa. Kowane dare wani jarumi yakan zo ya tafi da Hoichi ya yi wa wasu manyan mutane waƙa. Da yake ba ya gani, bai san cewa a maƙabarta yake zama ba, kuma masu sauraronsa matattun Heike ne. Da shugaban wurin ibadar ya gane, sai ya sa aka rubuce jikin Hoichi kaf da nassin addininsu don fatalwa ta kasa ganinsa. Aka manta kunnuwa. Jarumin ya zo bai ga komai ba sai kunnuwa biyu a iska, ya fizge su ya tafi da su a matsayin shaida ga ubangidansa.

Na huɗu gajere ne: wani dogari mai suna Kannai ya ga fuskar baƙon mutum a cikin kofin shayi, ya zubar, ya sake cikawa, fuskar ta dawo, sai ya shanye. Abin da ya biyo baya ba shi da ƙarshe, kuma da gangan aka bar shi haka.

Fim ɗaya, tsawo uku

Ga inda matsalar tarke ta fara. Fim ɗin da Kobayashi ya gama yana da tsawon minti 183, wato sama da awa uku. Da za a kai shi bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1965, sai aka rage shi zuwa minti 161. Da za a nuna shi a gidajen sinima na Amurka a wannan shekarar, sai aka cire labari na biyu gaba ɗayansa, fim ɗin ya koma kimanin minti 125. Saboda haka matarkin Tokyo da matarkin Cannes da matarkin New York duk sun rubuta sharhi a kan abu mai suna ɗaya, amma ba abu ɗaya suka kalla ba.

A Cannes fim ɗin ya sami lambar yabo ta musamman ta alƙalan bikin, irin wadda Kobayashi ya taɓa samu a 1963 da fim ɗinsa Harakiri. Babbar lambar ta wannan shekara wani fim ɗin barkwanci na Ingila ne ya ɗauke ta, The Knack na Richard Lester. An kuma sa Kwaidan cikin jerin 'yan takarar Oscar a rukunin finafinan harsunan waje, amma wani fim na ƙasar Chekoslobakiya, The Shop on Main Street, shi ya yi nasara. A gida Japan, mujallar finafinai ta Kinema Junpo ta ba Yoko Mizuki lambar rubutu, gasar jaridar Mainichi kuma ta karrama mai ɗaukar hoto Yoshio Miyajima da mai tsara dandali Shigemasa Toda. Bosley Crowther na jaridar New York Times, wanda a lokacin maganarsa tana iya ɗaga fim ko ta kayar da shi a Amurka, ya yabe shi ƙwarai, musamman launinsa da sautinsa da wani irin laushi da ba a saba gani ba a fim ɗin tsoro.

To, amma Crowther labarai uku ya gani. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin labarin da aka cire shi ne kaɗai wanda fatalwar cikinsa take jin zafin abin da ya faru kamar yadda ɗan Adam yake ji. Yuki ba ramuwa ta zo yi ba. Ta zauna da mutum shekaru, ta haifa masa 'ya'ya, ta yi wa uwarsa hidima, kuma da ya karya alkawari ita ma ta yi hasarar gidanta. A ƙarshen labarin Minokichi ya ɗauki takalman da ya ɗinka mata ya ajiye a waje cikin ƙanƙara. Idan aka cire wannan, abin da ya rage shi ne mazaje uku da matattu suka hukunta ko suka wahalar, fim ɗin kuma ya ƙara zama mai sanyi da nisa da zuciya. Duk matarkin da ya kalli minti 125 ya ce fim ɗin kyakkyawa ne amma ba ya taɓa rai, ba za mu ce ya yi ƙarya ba, sai dai hukuncinsa a kan aikin almakashin dillali ne fiye da aikin darakta. Wani abin takaici kuma, Keiko Kishi da ta fito a matsayin Yuki tana cikin 'yan wasa mata uku da suka kafa kamfanin Ninjin Club, wato kamfanin da ya shirya fim ɗin. An cire mai gida daga cikin gidanta ke nan.

Me ya sa aka iya yin haka? Saboda zubin fim ɗin ne. Ba wanda zai cire kashi ɗaya cikin huɗu na fim mai labari ɗaya ba tare da labarin ya rushe ba. Amma fim mai ƙunshin labarai kamar tsintsiya yake a idon ɗan kasuwa, yana ganin in ya zare tsinke ɗaya za ta ci gaba da shara. Kuma ba a kan Kwaidan aka fara ba. Fim ɗin Dead of Night na kamfanin Ealing a Ingila, wanda ya fito a 1945 kuma daraktoci huɗu suka haɗu suka yi, shi ma da ya je Amurka an cire masa labarai biyu. Shi nasa ya fi muni, domin akwai babban labarin da ya ɗaure ƙananan, na wani mai zanen gine-gine da ya je wani gida a ƙauye ya tarar da mutanen da yake gani a mafarki, kuma a ƙarshe hotuna daga ƙananan labaran suna dawowa cikin mugun mafarkinsa. Sai 'yan kallo suka riƙa ganin abubuwan da ba su san daga inda suka fito ba.

Mu da muka karanta Magana Jari Ce mun san amfanin irin wannan babban labari. Aku yana ba Musa labarai ne don ya hana shi fita, saboda haka kowane labari yana da aikin da yake yi a cikin littafin bayan daɗinsa na kansa. Kwaidan ba shi da aku. Ba mai zanen gine-gine, ba Shaharzad. Muryar mai ba da labari ce kawai take shigowa jefi-jefi. Wannan ya sa ya fi sauƙin yankawa, ya kuma sa matarka da dama suka ɗauke shi a matsayin gajerun finafinai huɗu da aka jera.

Ɗabi'ar jera labarai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe

Kusan duk sharhin da za ku karanta a kan fim irin wannan, za ku ga matarkin ya koma alƙalin gasa. Sai ya ce wannan labari ya fi, wancan ya biyo baya, wancan kuma da ba a sa shi ba. A Dead of Night kusan kowa ya yarda cewa labarin mai wasa da 'yar tsana, wanda Michael Redgrave ya fito a ciki, shi ne zakara, labarin 'yan wasan golf kuma shi ne koma-baya. A Kwaidan yawanci Hoichi ake ba kambu, labarin kofin shayi kuma shi ake yi wa kallon ɗan rakiya.

Ban ce wannan hanya ba ta da amfani ba, mai karanta jarida yana son a gaya masa inda daɗin yake. Amma a matsayin tarke tana da rauni, domin tana mantawa da cewa wani ne ya zauna ya zaɓi waɗannan huɗun daga cikin labarai masu yawa, ya kuma zaɓi yadda za su bi juna. Ba ma daga littafi ɗaya aka ɗauko su ba, duk da sunan fim ɗin. Biyu ne kawai, na ƙanƙara da na Hoichi, suke cikin Kwaidan na 1904. Na baƙin gashi daga littafin Shadowings na 1900 yake, na shayi kuma daga Kotto na 1902. Wanda ya tsallaka littattafai uku yana tsinto labarai, akwai abin da yake nema.

Abin da nake gani shi ne, labaran suna tafiya ne daga aikata laifi zuwa ba da labari. Barden farko ya ci amana da aikinsa. Minokichi bai yi komai ba sai magana, ya faɗi abin da aka ce kada ya faɗa. Hoichi sana'arsa ce ma ba da labari, kuma ƙwarewarsa ce ta tayar da matattu suka zo neman a sake faɗa musu yadda suka mutu. Rubutu ne ya cece shi, inda rubutun bai kai ba kuma nan aka cafke shi. A na huɗu sai aka fito da marubucin kansa. Fim ɗin ya nuna wani marubuci a zamanin Meiji yana tambayar dalilin da ya sa ake samun labaran da aka bari ba a gama ba, ya kawo na Kannai a matsayin misali, labarin ya yanke a tsakiyar faɗa, sannan mai buga littattafansa ya zo nemansa ya tarar da surarsa a cikin tulun ruwa. Wanda ya ce wannan labari ba shi da ƙarshe don haka ya gaza, ya nemi ƙurungus ne a wurin da aka hana shi da gangan. Idan kuma aka cire labari na biyu, matakin da ya haɗa laifin aiki da laifin baki ya ɓace, tsanin ya rasa ƙafa ɗaya.

Akwai kuma hujja daga al'adar Japanawa da kanta. A zamanin Edo akwai wani taron dare da ake kira hyakumonogatari, wato labarai ɗari, inda ake kunna fitilu ɗari, duk wanda ya gama ba da labarin fatalwa sai a kashe ɗaya, ɗaki yana ƙara duhu har a kai ga ta ƙarshe. A irin wannan zama ba a tambayar wane labari ya fi. Tarin su ne yake aiki a jikin mai sauraro.

Shin fim ɗin tsoro ne?

Ƙorafi na biyu da ya fi yawa, tun 1965 har zuwa masu kallo na yau, shi ne fim ɗin yana tafiyar hawainiya kuma ba ya ba da tsoro. Maganar jinkiri gaskiya ce. Kafin Hoichi ya bayyana sosai, an ɗauki dogon lokaci ana nuna yaƙin Dan-no-ura, rabi da 'yan wasa a kan jiragen ruwa cikin dandali, rabi da zanen yaƙin, ga muryar mai rerawa da kiɗan biwa. Mai gaggawa zai gaji. Ni ma ina ganin labarin farko ya ja da yawa a tsakiyarsa, wurin auren na biyu, inda aka maimaita mana nadamar barden bayan mun riga mun gane.

Maganar rashin tsoro kuwa, a nan Hausa ta fi ba mu kayan aiki fiye da kalma ɗaya da aka liƙa wa fim ɗin a kasuwar Turai. Muna da firgita, wadda take zuwa farat ɗaya ta wuce, kamar an buga ƙofa da ƙarfi. Muna da razana, wadda ta fi ta nauyi. Muna da fargaba, wadda ke zaune a ciki tun abin bai faru ba, da zullumi, da kuma abin da muke cewa tsikar jiki ta tashi. Wanda ya shiga sinima yana neman firgita zai fito yana cewa an cuce shi. Kwaidan fargaba yake sayarwa. Tun lokacin da mai kallo ya lura cewa alƙalamin bai taɓa kunnuwan Hoichi ba, ya san abin da zai faru, kuma jiran ne yake cin sa. Ku tuna ma'anar kaidan da na ce ku riƙe. Matarkin da ya auna labarin al'ajabi da mudun firgita, ya yi awo da mudun wata kasuwa.

Kobayashi kuma bai yi niyyar ya sa mu ɗauka abin gaske ne ba. Wannan shi ne fim ɗinsa na farko mai launi, kuma ya karanci tarihin fasahar gabashin Asiya a Jami'ar Waseda kafin ya shiga harkar fim. Kusan komai an ɗauke shi ne a cikin wata ƙatuwar rumfa irin ta ajiye jiragen sama, inda aka gina daji da kogi da fada, aka zana sararin sama da fenti. A labarin ƙanƙara har idanu aka zana a sama suna kallon Minokichi. Mawaƙi Toru Takemitsu shi ma ya guje wa kiɗan da aka saba: yakan ɗauke sauti gaba ɗaya a inda kunne yake jiransa, ko ya sa ƙarar tsagewar itace ta zo a makare, ba daidai da abin da ido ya gani ba. Kinshi Tsuruta, macen da ta ƙware a biwa, ita ce ta yi kiɗa da rerawar yaƙin, kuma haɗuwarsu da Takemitsu a wannan aiki ta kai su ga November Steps a 1967. Waɗannan abubuwa ne matarkan Turai suka fi yabawa.

Sai dai yabon ma yana da nasa haɗari. Akwai masu ganin cewa abin da ya burge Cannes shi ne Japan ta kimono da takobi da fatalwa, irin wadda Turawa suke son gani, kuma tun asali ta idon Bature aka tace labaran. Wannan zargi yana da ƙamshin gaskiya, amma bai cika ba. Kobayashi shi ne ya yi The Human Condition, fim mai sama da awa tara a kan zaluncin sojan Japan a Manchuria, shi kansa kuma an tilasta masa aikin soja ya ƙi karɓar ƙarin girma. Mutum irin wannan idan ya nuna fadar matattun da suka hallaka a yaƙi, suna zaune cikin ado suna neman a sake rera musu faɗuwarsu, suna kuma shan ran makahon yaro don biyan buƙatarsu, shekara 19 kacal bayan 1945, da wuya a ce ado kawai yake yi. Matarkan farko ba su cika tsayawa a wannan ba, launi ya ɗauke musu hankali.

Kasuwa da abin da ya biyo baya

Lambobin yabo ba su biya bashi ba. Fim ɗin yana cikin mafi tsada da aka yi a Japan zuwa lokacin, bai mayar da kuɗinsa ba, kamfanin Ninjin Club kuma ya durƙushe. Wannan ma wani nau'in karɓa ne da ɗalibin tarke ya kamata ya lissafa, domin hukuncin 'yan kallo da na matarka ba dole su zo ɗaya ba.

Shekaru da dama, wanda ke wajen Japan ba ya samun cikakken fim ɗin. Faifan da kamfanin Criterion ya fitar a Amurka a shekarar 2000 mai minti 161 ne, wato an dawo da matar ƙanƙara amma sauran yankan Cannes suna nan. Kamfanin Eureka a Ingila ya fitar da mai minti 183 a 2006, Criterion kuma ya bi sahu a 2015 da kwafin da aka gyara. Saboda haka sharhin da aka rubuta a Amurka a 1965, da wanda aka rubuta a 2001, da wanda aka rubuta a 2016, matani uku suke magana a kai. Idan malami ya ba ku aikin kwatanta ra'ayoyin matarka a kan wannan fim, ku fara da rubuta shekarar kowane sharhi da ƙasar da aka buga shi a gefen takarda. Idan kuma za ku kalla da kanku, ku duba tsawon kwafin da kuka samu kafin ku danna: in bai kai awa uku ba, akwai abin da aka cire.